Shekarun da Nake Cewa Zazzaɓi Ne

Na yi shekara goma sha wani abu ina koyarwa a wata makarantar firamare a cikin garin Talata Mafara kafin jikina ya fara yi mini gardama. Aji uku nake riƙe da shi a lokacin. Ina da 'ya'ya biyu, mace da namiji. Maigidana yana noman shinkafa a filayen ban-ruwa, idan kuma aikin gona ya yi sauƙi ya ɗan taɓa sayar da taki a kasuwa. Albashina ba wani abin a zo a gani ba ne, amma shi ne abin da muke da tabbacin zai shigo gidan ko da ya makara, domin ita gona wata shekarar ta ba ka, wata shekarar ta hana ka.

Abin ya fara ne a hankali. Al'adata da na saba da ita ta 'yan kwanaki sai ta fara ja, tana zuwa da ƙarfi, da gudaji, da ciwon mara kamar ana matse jiƙaƙƙen zane a cikina. Da farko na ce sanyi ne. Daga baya na ce gajiya ce. Kafin shekara ta zagayo, kusan rabin kowane wata ina cikin jini.

Na koyi dabaru iri-iri. Ina sayen audugar mata a kemis in haɗa da tsumma, in ɗaura zane biyu, in ɗora dogon hijabi mai duhu har ƙasa. Banɗakin makarantarmu ba shi da ƙyaure, ba kuma ruwa, don haka sai in riƙa zamewa zuwa wani gida da ke maƙwabtaka da mu, in ce zan sha ruwa. Abin da na fi tsoro shi ne juya wa yara baya a gaban allo. Sai na koma koyarwa a zaune, in kira wani ɗalibi ya yi rubutun. Daga nan kuma tsoron ya koma na tashi daga kujerar. Akwai ranar da na ji abin ya wuce ni, na zauna daram har aka kaɗa ƙararrawar tashi, yara suka watse, malamai suka tafi, sannan na miƙe na ɗauko buta na wanke kujerar. Na koma gida da ƙafa, ina bin lunguna.

Ranakun da abin ya fi ƙarfina ba na iya fita ko kaɗan. Jiri nake gani ko daga ɗaki zuwa madafa. A irin waɗannan ranakun sai in aika a gaya wa hedimasta zazzaɓi nake yi.

Hedimastan namu ba mugun mutum ba ne. Mai tsare aiki ne, shi ke fara zuwa, shi ke ƙarshen tafiya. Amma namiji ne, sa'an yayana, kuma masallaci ɗaya suke salla da maigidana. Ban san da wane baki zan tsaya gabansa in ce jini nake zubarwa ba. A gidanmu ko sunan abin ba a kamawa, sai dai a ce wance ba ta salla. Dokar aiki kuma ta ce idan rashin lafiya ya wuce kwana ɗaya ko biyu sai an kawo takardar likita, ni kuwa wanda ke duba marasa lafiya a ƙaramin asibitin unguwarmu ɗan wata ƙawar Innata ne, tun yana rarrafe na san shi. Zazzaɓi ne kaɗai ciwon da kowa ke yi, ba mai tambayar ka dalili.

Sau biyu na taɓa karɓar hutun haihuwa a wannan makarantar, wata uku-uku, ba wanda ya ɗaga mini gira. Malamai ma har gida suka zo barka, da sabulu da turmin atamfa. Wannan karon ciwon daga wuri guda ya fito, amma ba shi da hutu, ba shi da barka, ba shi ma da sunan da zan iya faɗa.

Mutum ɗaya ce ta gane. Wata dattijuwar malama ce da ke riƙe da aji huɗu, dukanmu Gwaggo muke ce mata. Wata rana ta same ni a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro lokacin hutun tara, ta janyo hannuna ta juya tafin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ja fatar idona ƙasa da yatsa.

Ta ce, “Ɗiyata, wanga ba zazzaɓi ba ne. Babu jini a jikinki ko kaɗan.”

Ban musa ba. Na gaya mata komai, kaina a sunkuye. Ta ce in je babban asibiti a yi mini hoto, na ce to. Tun daga ranar, duk lokacin da ban zo ba sai ta kwashe yarana ta haɗa da nata, su cika ɗaki har bakin ƙofa, ta koyar da su gaba ɗaya. Idan hedimasta ya leƙo sai ta ce ita ta nemi a haɗa, domin darasin iri ɗaya ne.

To ɗin da na ce mata ban cika ba. Na sha jin mata suna cewa duk wadda ta kai irin wannan ciwon asibiti cire mata mahaifa ake yi, ni kuma ina son ƙarin haihuwa. Maigidana ya yi maganar asibiti har ya gaji. Kullum ina ce masa bari a yi hutun zango, idan hutun ya zo in ce ai na ji sauƙi.

Maimakon asibiti, Bakura na tafi wurin Inna. Ta haɗa mini jiƙe-jiƙe da sassaƙe, ta riƙa dafa mini zogale da hanta, tana zaune a gabana sai na cinye. Akwai kuma abin da ya fi ciwon damuna, wato salla. Na rasa gane ranar da zan yi wanka da ranar da zan bari. Babana malami ne, zaurensa ba ya rabo da masu ɗaukar karatu, kuma irin wannan tambayar mata ke aiko masa da ita kullum. Amma ni ban iya tambayarsa ba. Inna ce ta kai masa, ta ce wata ce ke tambaya. Ta dawo da amsa cewa idan ya wuce kwanakin da ta saba ta ɗan ƙara kaɗan, bayan nan jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da sallarta. Inna ta ce babana ya ƙara da cewa a gaya wa mai tambayar, hukuncin salla ne ke cikin littafi, maganin kuwa yana asibiti. Daga yadda ya sallame ni washegari, bai kalle ni ba amma ya daɗe yana addu'a, na san ya gane ko wace ce.

A shekarar ce Gwaggo ta yi ritaya. Ba a yi wata biyu ba rashin zuwana ya fito fili, domin yanzu idan ban zo ba aji uku sai ya koma kasuwa, hayaniyarsu har ofis. A wani taron malamai hedimasta ya yi magana a kan masu fashin aiki. Bai kama suna ba. Ya ce dai akwai waɗanda zazzaɓinsu ya san kwanan wata, ba ya kuskure. Wasu daga cikin malamai maza suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Har yau ban san ko ya fahimci abin da ya faɗa ba. Ni dai na ji kamar an yaye mini zane a tsakiyar kasuwa.

Da aka tashi sauya wa malamai wuraren aiki, sunana ya fito. Aka tura ni wata ƙaramar makaranta a wani ƙauye gaba da Morai. Kowa ya san waɗanda ake turawa irin wuraren nan. Maigidana ya so ya je ofishin ilimi ya yi magana, na hana shi, domin idan ya je dole ya faɗi dalili.

Kullum da sassafe sai in hau kabu-kabu, mu bi hanyar da rabinta ramuka ne. Kowane rami ina jin sa a marata. Ga shi lokacin hanyoyin ƙauye ba su da aminci, dole a tashi da wuri a kamo gari tun rana na sama, saboda haka babu zancen in ɗan kwanta in huta kafin in juyo. Mu uku ne malamai a makarantar, ni kaɗai ce mace. Idan ban zo ba babu wanda zai riƙe mini aji. Sai na daina fashi gaba ɗaya. Na ƙudurta ko zan mutu sai dai in mutu a can, kada a sake kiran sunana cikin malalata.

Saura kaɗan hakan ta faru. Wata safiya cikin damina, ina tsaye ina rubuta jadawalin sau huɗu a allo, sai na ga allon yana nisa da ni. Na ji allin ya faɗi, ban ji faɗuwata ba. Na farfaɗo a kan tabarma a wani ɗaki da ban sani ba, wata tsohuwa tana yi mini fifita. Gidan mai unguwa ne, da ke jikin makarantar. Matan gidan ne suka ɗauko ni. Na duba jikina na ga zanen da ke ɗaure da ni ba nawa ba ne, nawa kuma ga su can a kan igiya an wanke. Na juya fuskata bango na yi ta kuka. Tsohuwar ba ta ce in yi shiru ba, ta dai ci gaba da fifitarta.

Can sai na ji sallamar hedimastan wannan makarantar daga bayan zana. Dattijo ne, saura kaɗan ya bar aiki, manomi ne ma fiye da malami idan ka kalli hannunsa. Bai shigo ba. Ya gaishe da matan gidan ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi jikina, sannan ya yi gyaran murya.

Ya ce, “Malama, ba sai kin hwaɗa mani komi ba. Uwar ɗiyana haka ta yi ta ɓoyon nata, ba mu sani ba sai ranar da munka kai ta asibiti anka ce mun makara. Kada ki dawo wurin nan sai likita ya gan ki. Zancen ofis ki bar mani.”

Shi ya nemo motar da ta kai ni gida. Washegari maigidana bai nemi shawarata ba, ya ce in shirya.

A babban asibitin Mafara na fara gaya wa namijin da ba maigidana ba matsalar da bakina. Likitan yana rubutu, wata ma'aikaciyar jinya na tsaye kusa da ni. Ya tambayi tun yaushe, ya tambayi yawansa, na amsa. Ko kai bai ɗaga da mamaki ba. Maganar da na yi shekara da shekaru ina gudu, kafin a sha kofin ruwa mun gama ta. Aka yi hoto, aka ce ƙari ne a mahaifa, ba ɗaya ba, kuma sun girma. Jinina ya yi ƙasa ƙwarai. Maigidana da ƙanena suka ba da nasu aka ƙara mini, sannan aka tura mu Sakkwato.

A can aka gaya mana abin da na daɗe ina tsoro. Da na zo da wuri, in ji likitar da ta duba ni a can, wataƙila da an cire ƙarin kawai an bar mahaifar. Yanzu ba ta ga hanyar hakan ba. Na kalli maigidana. Ya ce mata ya fi son 'ya'ya biyu da uwarsu a raye. Aka miƙo mini takardar tiyata. Na sa hannu.

Bayan aikin, a gadon da ke kusa da nawa akwai wata mata daga wani ƙauyen Maradun. Za ta girme ni da kaɗan, amma ka ce ta haife ni. Haihuwarta tara, shida na raye. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ita ke suyar gyaɗar, ita ke kai niƙa a ka, ita ke matsa, ita ke tuya, ranar kasuwa kuma a kai mata. Mijinta ya tsufa, idanunsa sun mutu. Mahaifarta ce ta zazzago, ta yi shekaru tana tura ta da hannu tana ɗaure ƙugu da tsumma tana ci gaba da aiki, har ta kai ba ta iya zama. Mace ce mai barkwanci. Duk da ɗinkin da ke jikinta sai ta sa ɗakin dariya, mu riƙe ciki muna roƙonta ta bari.

Ranar da za a sallame mu likitar ta tsaya tsakanin gadajenmu ta yi mana gargaɗi iri ɗaya. Wata uku babu daka, babu ɗaukar kaya, babu jan ruwa a rijiya, babu dogon tsugunno. Ni ta rubuta mini takarda in kai wurin aiki. Maƙwabciyata ta bi takardar da kallo har na ninke ta.

Ta ce, “Likita, ni ma rubuta mani irin tata.”

Likitar ta tambaye ta wa za ta kai wa.

Ta ce, “Turmi zan kai ma ita, shi karanta.”

Muka yi dariya, har da likitar. Da likitar ta fita sai matar ta juyo wurina. Ta ce mini gyaɗar bana ta kusa shigowa, kuma idan ta yi wata uku ba ta kai mai kasuwa ba masu sayenta za su koma wurin wata. Ta tambaye ni da gaske ne ina kwance a gida za a biya ni. Na ce da gaske ne. Ta jinjina kai ta ce Allah ya sa albarka, boko ya yi rana. Babu hassada a muryarta. Ni ce dai na kasa haɗa ido da ita.

Dattijon hedimastan ya cika alkawari. Shi ya kai takardar ofis da ƙafarsa, ya yi ta sintiri har aka ba ni hutun, ba a taɓa albashina ba. Na yi jinyata a Bakura, a ɗakin Inna. Ta hana ni ko ɗaukar buta. A makonnin farko jikina ne ke ciwo. Da ya lafa sai zuciyata ta karɓa. Idan na ji guɗar suna a unguwa sai in shige ɗaki. Babana bai taɓa yi mini maganar kai tsaye ba, amma kullum bayan sallar asuba zai tsaya a ƙofar ɗakin ya tambayi kwanana, abin da bai saba yi wa kowa ba.

Ina can wata rana aka ce ina da baƙi. Maigidana ne tare da hedimastana na farko. Ashe labari ya kai masa a masallaci. Ya zauna a bakin tabarma, muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Inna, ya tambayi yara, ya tambayi ruwa. Da zai tashi ya ce, “Malama, da kin hwaɗa mani.” Na ce masa ba komai, Allah ya riga ya rubuta. Na yarda da gaske yake, kuma na yafe masa. Sai dai bayan tafiyarsa na daɗe ina ƙoƙarin tsara kalmomin da zan faɗa masa da su a wancan lokacin, a ofis ɗin nan mai taga buɗe da malamai na kai da kawo, ban samo su ba.

Na koma aiki bayan hutun, a ƙauyen dai, domin ba a mayar da ni cikin gari ba sai bayan shekara biyu. Ƙarin girman da tsararrakina suka samu a shekarun fashina ya wuce ni, har yanzu ina bayansu da mataki. Amma ƙarfina ya dawo. Ranar da na fara tsayawa gaban allo na juya wa yara baya ba tare da tunanin komai ba, sai da na kai ƙarshen layi na lura.

Matar Maradun ba ta fita raina ba. Ba ta da waya, sunan ƙauyensu kawai na riƙe. Da maigidana zai je kasuwar Maradun da taki, na roƙe shi ya tambaya a layin masu mai. Ya dawo da yamma ya ce ya sami wata 'yar ƙauyensu. Ta ce ko wata ɗaya matar ba ta yi ba ta koma suya da matsa, domin babu abin da za a ci a gidan. Ɗinkin ya buɗe, aka sake kwasarta zuwa asibiti. Ta rayu, amma yanzu ba ta iya tsayuwa mai tsawo. Babbar ɗiyarta ce ta bar makarantar da take zuwa ta karɓi sana'ar, ita kuma uwar tana zaune a kan tabarma tana mulmula ƙuli.

Na haɗa sabulu da zane da 'yar shinkafa na ba shi ya kai a mako na gaba. Aka ce ta karɓa ta yi godiya, ta ce a gaishe da malama, a tambaye ta ko ɗinkinta ya warke sarai. Bayan wannan hanyar ƙauyen nasu ta ƙara lalacewa da rashin tsaro, mutanensu da yawa suka tashi, wasu suka shigo Maradun, wasu suka yi gaba. Maigidana ya sake tambaya sau da dama, ba wanda ya san inda suka sauka.